Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Shukar Shinkafa a Fadamar Kogin Kaduna

Shimfiɗa

A ƙarshen watan Mayun da ya wuce na kai wa kawuna ziyara a Rafin Guza, unguwar nan da ke can ƙasan Kawo, a gaɓar kogin Kaduna ta arewa. Na same shi zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, ga buhun irin shinkafa jingine da bango, ko bakinsa ba a kwance ba. Abin ya ba ni mamaki, domin a cikin makon an yi ruwa har sau biyu, kuma a hanya na ga wasu sun riga sun shiga gona. Bayan mun gaisa sai na ce, "Kawu, lafiya har yanzu ba a yi shuka ba?" Sai ya dube ni ya yi murmushi ya ce, "Ɗan nan, ina jira ne in ga ko ruwan nan da gaske yake yi."

Wannan amsa ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Kawu ya haura shekara 70, a wannan fadama ya koyi riƙon fartanya, kuma shi ne mutumin da a da maƙwabta kan zo su tambaya ranar da ta dace a fitar da iri. Idan har irinsa ya fara shakkar ruwan sama, to lallai ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa na ga ya dace mu ɗan waiwaya baya, mu ga yadda aka faro noman shinkafa a bakin wannan kogi, da yadda kakanninmu suke lissafin lokacin shuka, da kuma abin da ya faru har lissafin ya daina kamawa.

Shinkafa ta riga Bature zuwa

Da yawa daga cikin yaran yanzu suna zaton shinkafa baƙuwa ce, wai daga Tailan ko Indiya ta zo mana a buhu. Alhali kuwa Afirka ta Yamma tana da shinkafarta ta gado. Masana sun nuna cewa kimanin shekara 3,000 da suka wuce, mutanen da ke zaune a fadamun kogin Kwara, a cikin ƙasar Mali ta yanzu, suka ɗauko shinkafar daji suka mayar da ita ta gida. Ita ce jar shinkafar nan da tsofaffinmu suka sani. Farar shinkafa, wato ta Asiya, daga baya ta shigo, kuma Turawan Fotugal suna cikin waɗanda suka kawo ta gaɓar teku a wajejen ƙarni na 16.

A ƙasar Hausa, gidan shinkafa tun da can shi ne fadamar gulbin Rima, tun daga Sakkwato har Argungu da Birnin Kebbi. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa ƙasar Kabi a 1853, ya rubuta labarin gonakin shinkafar da ya gani a kwarurukan yankin. Can kudu da mu kuma, inda kogin Kaduna yake faɗawa cikin Kwara daura da Pategi, Nufawa sun daɗe suna nomanta.

Jar shinkafa tana da wani hali da nake so mai karatu ya riƙe, domin za mu dawo kansa. Akwai irinta wanda idan ruwa yana hawa a hankali, ita ma karanta sai ya riƙa miƙewa, ta yadda kullum kanta yana saman ruwa. Tana jure wa ciyawa, tana jure wa ƙwari da ƙasa marar ƙarfi. Aibinta shi ne ba ta bayar da amfani mai yawa, kuma idan aka yi jinkirin yanka sai ƙwayar ta zube a gona.

Yadda fadamar Kaduna ta samu manoma

Ita kuwa Kaduna garin jiya ce idan aka kwatanta ta da Zariya ko Kano. Kafin zuwan Turawa, Gbagyi ne suke zaune a ƙauyukansu a wannan yanki suna noman doya da dawa, Fulani kuma suna saukowa fadama da shanunsu idan rani ya yi. Kogin cike yake da kadduna, kuma daga nan garin ya samo sunansa. Gwamna Lugga ya zaɓi wurin ne saboda ruwa, da kuma layin dogon da ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911. A 1913 aka fara sauke sojoji, a 1917 kuma aka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru.

Daga nan jama'a suka yi ta kwarara: leburori da soja da masu sana'a, daga Zazzau da Kano da Katsina da Bida da Barno. Galibinsu 'ya'yan manoma ne, kuma albashin lebura bai taɓa isar mai iyali ba. Saboda haka duk wanda ya samu hali sai ya nemi ɗan fili a bakin kogi. A lokacin, wurare irin su Malali da Badarawa da Unguwar Rimi da Rafin Guza unguwannin manoma ne a bayan gari, gonaki sun kewaye su ta ko'ina.

Kakana, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗannan baƙi. Ya zo ne daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau a farkon shekarun 1950, yana aikin leburan gini. Wani dattijo Bagwari ne ya yanka masa fadamar da muke magana a kanta, da goro da alkawarin za a riƙa kai masa ɗan abin da aka samu duk kaka. Babu takarda, babu ɗan sanda, shaidu kawai. A zamanin nan shinkafa abincin salla ce da biki da saukar baƙo. Tuwon dawa ake ci kullum, saboda haka buhu huɗu ko biyar na shanshera sun isa gida shekara, har a sayar da ragowar a yi wa yara ɗinki.

Lissafin kakana

Kakana bai san Mayu ko Yuni ba, amma yana da lissafinsa, kuma Kawu ya haddace shi tsaf. Alama ta farko ita ce iska. Idan ta daina zuwa daga gabas ta juyo tana kaɗowa daga kudu maso yamma, zafi ya tsananta har dare, to bazara ta kama. Sai a ga shamuwa ta sauka a kan bishiyoyin gari tana tattara ƙirare. Sai kaɗanya ta fara zubar da 'ya'ya. Ruwan farko ba a shuka da shi, na kwantar da ƙura ne, da shi ake sharar gona a ƙona. Sai an yi ruwa mai ƙarfi kamar sau uku, gina ta tashi da dare, sa'an nan kakana zai tona ƙasa da hannu. Idan danshi ya kai tsawon tafin hannu da yatsu, sai ya ce gobe a fito.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda ya raba gonar gida uku. A tudu yana shuka dawa da masara da ɗan wake. A gefen fadama, inda ruwa yake kwanciya kwana biyu ya wuce, yana yafa farar shinkafa mai saurin nuna. A can ƙasa kuma, inda kogi yake shiga duk shekara, nan ne wurin ja. Idan aka yi shekarar ƙarancin ruwa, tudu ya ƙone, kwari ya fitar da shi. Idan kuma ruwa ya yi yawa ya ci gefen fadama, dawa da jar shinkafa su riƙe gida. Da wuya a wayi gari duka ukun sun tafi a shekara guda.

Wannan tsari ya dogara ne a kan halin kogin. Kogin Kaduna ya taso ne daga tsaunukan Filato kusa da Vom, yana tafiyar kilomita kimanin 550 kafin ya haɗu da Kwara, kuma kafin ya iso garinmu ya riga ya kwashi ruwan Galma daga ƙasar Zazzau da na sauran rafuka. Shi ya sa za ka ga ana rana tsaka a Kawo amma kogi yana cikowa, domin ruwan da aka yi can sama ne yake isowa. A yawancin shekaru Kaduna tana samun ruwan da ya kai milimita 1,200 ko fiye, tsakanin Afrilu da Oktoba. Kogin yakan fara hawa a Yuli, ya cika a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ya ja baya a Oktoba. A hankali yake hawa, domin ruwan Agusta na wancan lokaci marka ce, yayyafi na kwana uku ko huɗu wanda ƙasa take shanyewa. Akwai wata ɗinya a bakin gonarmu da kakana yake sara da gatari duk shekara daidai inda ruwa ya tsaya. Na ga saran da idona ina yaro, kuma yawancinsu kusa da juna suke, tsakanin gwiwa da ƙugu.

Shekarun fari da kuɗin mai

Kada mai karatu ya ɗauka cewa a da komai lafiya lau yake. Ƙasar nan ta sha ganin fari. A shekarar da aka fara kafa Kaduna, wato 1913, damina ta ƙi, aka shiga yunwar nan da ake kira Kakalaba wadda ta kashe ɗimbin jama'a a ƙasar Kano da arewacinta har cikin 1914. Kakana ya ji labarinta daga bakin mahaifinsa. Shekarun 1950 da farkon 1960 kuwa shekaru ne na wadatar ruwa, kuma a cikinsu ne lissafin da na bayyana ya zauna daram. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja baya, har aka kai ga farin 1972 da 1973, sa'an nan na 1983 da 1984. A tsawon waɗannan shekaru ruwan da ake samu a yankin Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarun da suka gabace su.

Mu a Kaduna ba mu ga yunwa irin ta Katsina ko Maraɗi ba, amma mun ga baƙin da ta koro, kuma kogin ya yi ƙasa sosai. Kawu ya ce akwai shekarun da kakana bai sari ɗinya ba sam, domin ruwa bai iso gindinta ba. To a nan ne jar shinkafa ta fara rasa wurinta. Tunda kogi ya daina shiga can ƙasa kamar da, me zai sa a ci gaba da shuka irin da ba ya cika buhu?

Daidai lokacin kuma ga sababbin iri sun samu. Tun 1953 aka buɗe tashar binciken shinkafa a Badeggi kusa da Bida, kuma daga can ne irin da ake kira FARO suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, malaman gona suna rabawa. Daga baya aka samu FARO 44, wadda manoma suka fi sani da Sipi, gajera mai nuna cikin wata uku da rabi zuwa huɗu, wadda idan ta samu taki take ninka abin da ja ke bayarwa. Babu manomin da zai ga wannan ya kau da kai.

A gefe guda kuma bakin 'yan birni ya canja. Kuɗin man fetur ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya faɗo aljihun ma'aikata a 1975, shinkafa ta tashi daga abincin salla ta koma ta kullum. Jiragen ruwa suka yi ta sauke ta waje, har gwamnatin Shagari ta kafa kwamiti na musamman a kan shigo da ita a ƙarƙashin Umaru Dikko. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, an yi na Shagari a 1980, an gina madatsun ruwa irin su Kangimi a nan kusa da mu da Bakolori a ƙasar Sakkwato. A 1985 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shinkafa, aka ɗage hanin a 1995. Hausawa sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, kuma mun ga hakan, domin duk lokacin da aka buɗe ƙofa manomin gida ne yake biya. Duk lokacin da aka rufe kuma sai kowa ya ruga fadama. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa injin ban-ruwa da rijiyar burtsatse ta gona, jigo ya zama tarihi. Kafin kakana ya rasu, gonar da ya raba gida uku ta koma iri ɗaya tun daga gefe har ƙasa.

Ruwa ya dawo da wata fuska

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, jama'a suka yi hamdala. Sai dai wanda ya dawo ɗin ba irin wanda ya tafi ba ne. Marka ta yi ƙaranci. Abin da ake samu shi ne hadari ya haɗu cikin sa'a guda, ya zubar da ruwan mako biyu a dare ɗaya, sa'an nan sama ta washe kwana goma ko fiye. Idan aka tara lissafin shekara sai a ga ruwan ya kai yadda aka saba, amma shuka ba da lissafin shekara take rayuwa ba.

A daminar 2003 kogin Kaduna ya yi cikar da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ya shiga Malali da Unguwar Rimi da Kabala, ya haura Barnawa a ɗaya gaɓar, dubban mutane suka rasa matsuguni. Ina cikin waɗanda suka je taya Kawu kwashe kaya. Da ruwa ya janye muka gangara gona, sai muka tarar da shara da tsummoki rataye a rassan ɗinya, sama da inda hannuna yake kaiwa. Sipi ta kwana biyar a ƙarƙashin ruwa, ko tiya ɗaya ba a ɗauka ba. A lokacin mun ɗauka abu ne na sau ɗaya a rayuwa. Sai ga 2012, shekarar da ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A Satumban 2015 kogin ya sake shiga unguwannin gaɓarsa a nan Kaduna. A 2022 kuma aka yi wadda ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar, ta shafe gonakin shinkafa daga Jigawa har Kogi da Anambara.

Masana sun yi bayanin dalili, kuma bayanin ba shi da wuyar fahimta. Hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da iskar gas da duniya ta yi ta ƙonawa tun zamanin da aka fara masana'antu ya taru a sama yana riƙe zafi, har duniya ta ƙara ɗumi da fiye da digiri 1 a ma'aunin Salshiyos. Duk ƙarin digiri 1 yana sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa da kimanin kashi 7 cikin 100. Iskar da ta ɗauki ruwa da yawa kuwa, idan ta tashi saukewa da ƙarfi take saukewa. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982, ya gano cewa manyan haduran da ake yi a yankin Sahel sun ninka sau uku. Bayan ambaliyar 2022 kuma, ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta lissafa cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar samun irin ruwan da aka yi a yankin tafkin Chadi a waccan shekara kimanin sau 80. Abin takaicin shi ne kason da nahiyar Afirka gaba ɗaya take fitarwa na wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba.

Amma fa kada mu ɗora wa sama laifi duka, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Fadama ita ce ɗakin da kogi yake kwana idan ya yi baƙi. Mu kuma mun yanka ta fuloti-fuloti, mun cike da ƙasa, mun yi gini. Tudun da kakana yake shuka dawa yanzu gidaje ne da shaguna, ruwan da ƙasarsa take shanyewa a da yanzu kwano da siminti suna turo shi kai-tsaye zuwa kwari. An sare itatuwan gaɓa, masu tifa suna kwasar yashi, magudanan ruwa sun toshe da leda. Ruwan da a da yake bazuwa a fili mai faɗi, yanzu a 'yar gonar da ta rage yake taruwa.

Tsaka mai wuya

Yanzu sai mu koma ga buhun da ke jingine a zauren Kawu, mu ga abin da yake aunawa a ransa. Idan ya yi shuka da wuri, a tsakiyar Mayu, yana iya yin sa'a shinkafa ta yi tsawo kafin kogi ya ciko. Amma idan ruwan ya ɗauke na mako biyu bayan ta tsiro, rana za ta ƙone ta, sai ya sake sayen iri ya sake biyan 'yan ƙwadago. Ya ce a damina biyar da suka wuce, sau uku yana shuka biyu. Idan kuma ya jira har ƙarshen Yuni ko Yuli don ya tabbata ruwa ya zauna, to cikar kogi ta ƙarshen Agusta da Satumba za ta same ta tana ƙarama ko tana da ciki, kuma Sipi ba ta san miƙewa ta bi ruwa ba. Ko da ta tsira daga wannan, idan damina ta ɗauke a farkon Oktoba ƙwaya ba za ta cika ba, a yanka a buga a sheƙe a tarar rabi ƙaiƙayi ne. Wato ƙofar shuka da a da take buɗe kusan wata guda da rabi, yanzu ta tsuke ta gaba da ta baya, kuma ba a wuri ɗaya take buɗewa kowace shekara ba.

Shamuwa har yanzu tana zuwa, gina tana tashi. Kawu ya ce su ma yanzu ruwan yana yaudararsu kamar yadda yake yaudararmu.

Wasu za su ce ai sai a koma noman rani, tunda ga kogi ga inji. An koma ɗin, musamman bayan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Shanshera ta yi daraja, matasa da yawa suka shiga. Sai dai noman rani da fetur ake yin sa, kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin ban-ruwa ya ninka. Ga taki ya yi tsada. Ga zafin Maris da Afrilu, wanda idan ya haura digiri 35 a lokacin da shinkafa take fure sai ta yi kai babu ƙwaya. A 2024 kuma, da tsadar abinci ta kai buhun shinkafa kusan naira 100,000, gwamnati ta ɗage harajin shigo da ita na wani lokaci. Mai saye ya ɗan samu sauƙi, amma farashin shanshera ya faɗi a hannun wanda ya noma ta da taki mai tsada.

Duk da haka akwai abubuwan da suka ba ni ƙwarin gwiwa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da lokacin da ake tsoron ɗaukewarsa, kuma Kawu da a da yake yi wa abin dariya yanzu yana kasa kunne a rediyo. Ya daina yafi a wani sashe na gonar, yana renon iri a ɗan fili kusa da rijiya inda zai iya ba shi ruwa da bokiti, bayan mako uku ya yi dashe. Da haka ko ruwa ya ɗauke, irin yana hannunsa. Akwai kuma FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, waɗanda aka ƙera su don su iya kwana a ƙarƙashin ruwa har kusan mako biyu su farfaɗo. Tun kafin su, Dakta Monty Jones ɗan ƙasar Saliyo ya haɗa jar shinkafarmu da farar Asiya ya fitar da irin da ake kira NERICA, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta abinci ta duniya a 2004. Ashe abin da muka yar a shekarun fari, masana sun tsince shi suna nema a cikinsa.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan waiwaye shi ne, kakanninmu ba su taɓa amince wa sama gaba ɗaya ba. Sun ga Kakalaba, sun ga cikar kogi, shi ya sa suka raba ƙafa: tudu da kwari, fara da ja, dawa da shinkafa. Mu ne muka tattara komai muka zuba a iri ɗaya da wuri ɗaya, muka gine tudun, muka matse fadamar, daidai lokacin da yanayi ya fi kowane zamani rikicewa. Ranar shuka ta kakana ba za ta dawo ba. Amma dabararsa ta raba gona tana nan, kuma ana iya haɗa ta da hasashen masana da sabon iri. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta tsare ragowar fadamar daga gini, ta kuma tabbatar irin da aka fitar tun 2017 ya iso hannun manomin Rafin Guza a kan lokaci, cikin farashin da zai iya.

Kafin in tashi ranar nan Kawu ya gaya mini cewa dillalai sun zo masa sau biyu, akwai mai son gonar zai cike ta ya yi gidajen haya, kuma kuɗin da aka ambata ya fi abin da zai noma a shekara goma. 'Ya'yansa sun kasu biyu a kan maganar. Na ce, "To Kawu, kai me ka gani?" Ya ce, "Idan na sayar, ruwan da yake kwana a gonata ɗakin wa zai kwana?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in na samu wanda zai je Argungu ko Bida in sa a tambayo masa ko har yanzu akwai mai jar shinkafa, ko tiya biyu ce yana so, zai gwada ta a can ƙasa kusa da ɗinya.

Na samu labarin ya raba buhun nan gida uku. Kashi ɗaya ya reno a bakin rijiya, ɗaya ya yafa a mako na biyu na Yuni, na ukun kuma ya ɗaure ya ajiye saboda ko-ta-kwana. Jar shinkafar dai ina kan cigiya, kuma duk wanda ya san inda ake samunta a cikin masu karatu, don Allah ya taimaka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu da fari da ambaliya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalam.